Tamanrasset: Garin Da Likitan Raƙumi Ke Yi Wa Kare Da Kyanwa Tiyata

Daga wakilinmu a Tamanrasset

A cikin hunturun da ya gabata, muna tsakiyar gabatar da shirinmu na manoma da makiyaya a gidan rediyo, sai wani dattijo mai aikin lambu ya bugo waya da wata tambaya wadda ta sa abokin aikinmu toshe baki don kada dariyarsa ta fita a iska. Ya ce shi mutumin ƙasar Tawa ne, ya yi shekaru yana noman kayan miya a bakin ƙoramar da ke bayan gari, kuma yana neman a gaya masa inda ake yi wa kare ɗori, domin mota ta banke nasa ta karya masa cinya.

Kafin mu rufe shirin mutum uku sun bugo a kan maganar. Biyu ba'a suka yi masa, suna cewa mutane ma ba su gama samun likita ba balle kare. Ta ukun kuwa wata baiwar Allah ce da ta ce ita ma tana ji tana gani kyanwarta ta mutu da 'ya'ya a ciki, ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba.

Wannan ne ya sa muka bi dattijon har lambunsa, daga baya kuma muka nemi zama da masu aikin likitancin dabbobi don mu san wace irin tiyata ce ake iya yi wa kare da kyanwa, wacce ce ake iya yi a nan, wacce ce kuma ta fi ƙarfinmu. Mun shiga binciken muna ganin magana ce ta dabbobi, muka fito mun tarar ta shafi lafiyar 'ya'yanmu.

Ma'aikaci ne, ba ɗan gayu ba

Wanda bai san hamada ba zai iya ɗauka cewa kiwon kare da kyanwa al'adar Turawa ce da masu kuɗin birni suka ara. A nan ƙasar Ahaggar zancen ba haka yake ba. Karen dattijon nan irin wanda Abzinawa ke kira oska ne, wanda duniya ta sani da sunan azawak saboda kwarin Azawak da ke tsakanin Nijar da Mali. Dogo ne siriri, mai dogayen ƙafafu da zurfin ƙirji, kana iya ƙidaya haƙarƙarinsa ko da ya ƙoshi. Shekaru aru-aru yana tare da makiyaya, yana gadin zango, yana korar dila daga 'yan awaki, yana farautar zomo da barewa. A farkon shekarun 1970 aka fara kai irinsa Turai, a 2019 kuma babbar ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sanya shi cikin jerin nau'o'in da ta amince da su. Can ana sayen ɗan kwikwiyonsa da kuɗi mai tsoka, nan kuwa makiyayi kan bai wa amininsa kyauta.

Dattijon ya nuna mana garken awakinsa bakwai da ɗan kejin kaji, ya ce tun da ya samu karen bai ƙara kwana a lambu ba, amma a makon da karen ya kwanta dila ta ɗauke masa ɗan akuya. Haka ita ma kyanwa. Duk wanda ya leƙa shagunan hatsi da rumbunan dabino da taliya a kasuwar Assihar ko a unguwannin Gata'al Wad da Tahaggart, inda 'yan uwanmu Hausawa suke da yawa, ya san cewa mage ita ce mai gadin da ba a biya, ran da babu ita ɓera ne sarki.

Ta fuskar addini ma, malamanmu na Malikiyya, mazhabar da Aljeriya da Nijar da arewacin Nijeriya suka haɗu a kanta, sun karantar da mu cewa an halatta ajiye kare don farauta da kiwo da gadin gona. Kowane ɗalibi kuma ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle ba ci ba sha. Ke nan duk wanda ya ajiye dabba a gidansa ya ɗauki amana.

Matsalar farko ita ce nisa

Tamanrasset tana da likitocin dabbobi, na gwamnati da masu zaman kansu. Tun 1988 Aljeriya take da dokar da ta tsara wannan aiki, mai lamba 88-08, kuma kowace wilaya tana da ofishin duba lafiyar dabbobi a ƙarƙashin hukumar aikin gona. Sai dai aikin da ke gabansu na raƙuma ne da tumaki da awaki, da duba nama a mayanka, da allurar rigakafin garke, da kuma tantance dabbobin da suka daɗe suna shigowa daga Nijar da Mali ta hanyar cinikin musaya da dabino da gishiri. A nan dukiyar jama'a take, don haka babu mai ganin laifinsu.

Makarantun da ke horar da su duk a arewa suke: babbar makarantar likitancin dabbobi ta Aljiyas wadda aka buɗe a 1970, da cibiyoyin Kusantina da Blida da Tiaret da Batna. A can ana koya musu yanka da ɗinki a jikin kare da kyanwa kamar kowane likita a duniya. To amma ilmi kaɗai ba ya tiyata. Aikin ƙashi yana buƙatar injin ɗaukar hoton ƙashi, da na'urar iskar sa barci, da tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aiki, da faranti da kusoshin ƙarfe masu girma daban-daban. Likitan da ke ganin karayar kare sau biyu ko uku a shekara ba zai zuba jarinsa a kan waɗannan kaya ba, shi ya sa asibitocin da suka ƙware suka taru a manyan biranen arewa irin su Aljiyas da Wahran.

Tsakaninmu da Aljiyas kuwa kusan kilomita 2,000 ne, ta hanyar In Salah wadda take cikin wurare mafi zafi a ƙasar. Wani abin mamaki shi ne, idan an auna nisa zalla, asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ya fi kusa da mu a kan makarantar Aljiyas. Sai dai tsakaninmu da shi akwai In Gezzam da Asamaka da Arlit da Agadas da Damagaram, da iyakokin ƙasa biyu, da takardun fitar da dabba. Ga mai lambu, duka biyun wutsiyar raƙumi ce, ta yi nesa da ƙasa.

Yadda aka ƙare da karen dattijo

Da dattijon bai samu amsa a rediyo ba, sai ya kai karen wurin wani mai ɗorin awaki, aka ɗaure cinyar da karan ganyen dabino da tsumma. Mai ɗorin ba mugu ba ne, abin da ya saba yi wa tumaki ya yi. Amma likitoci sun bayyana mana cewa ɗori yana aiki ne idan an iya hana gaɓar da ke sama da karayar da wadda ke ƙasa da ita motsi. Karayar da ke ƙasa da gwiwa, idan ƙashin bai fasa fata ba kuma bai farfashe ba, musamman a jikin ɗan kwikwiyo, tana iya warkewa da ɗori ko filasta. Ita kuwa cinya a cikin tsoka take, kuma babu yadda za a ɗaure kwatangwalon kare a hana shi motsi. Kara da tsumma sai ma su ƙara wa ƙafar nauyi suna jan ƙashin. Maganinta shi ne a buɗe a zura sandar ƙarfe a cikin ɓargo, ko a ɗaura faranti da kusoshi, ko a kafa ƙarfe ta waje.

Bayan kwana tara ƙafar ta kumbura tana wari, domin ashe tsinin ƙashin ya huda fata a ƙarƙashin tsumman. Sannan ne aka kwatanta masa wani likita mai zaman kansa wanda yawancin aikinsa a kan raƙuma yake. Likitan ya duba ya ce lokacin gyara ya wuce, saura zaɓi biyu: ko a yi wa karen allurar hutawa, ko a yanke ƙafar. Dattijon ya sayar da akuya ɗaya, aka yanke.

Mun ga karen da idonmu. Yana gudu da ƙafa uku, yana zagaya garke, ya yi mana haushi har sai da maigidansa ya tsawata masa. An shaida mana cewa kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinsa a kan ƙafafun gaba, shi ya sa rasa ta baya ba ta cika gurgunta shi ba. Dattijon bai yi da-na-sanin akuyar ba. Abin da ke cin ransa shi ne kwana taran nan.

Inda wuƙar likita ta kai a duniya

Domin mai karatu ya san tsawon tazarar, ya kamata mu ɗan leƙa waje. A 1761 aka kafa makarantar likitancin dabbobi ta farko a duniya a birnin Lyon na Faransa, kuma a lokacin dawaki da shanu ne abin damuwa, kamar yadda raƙumi yake a wurinmu yau. Sai a ƙarni na 20 kare da kyanwa suka samu shiga. A 1937 wani likitan dabbobi na Amurka mai suna Otto Stader ya ƙirƙiro ƙarfen da ake kafawa ta wajen fata ya riƙe ƙashin kare da ya karye, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu likitocin sojan ruwan Amurka suka ɗauki wannan dabara suka yi wa mutane aiki da ita. Wanda duk ya taɓa ganin ɗan haɗarin mota da ƙarafa sun fito ta ƙwaurinsa, ya sani cewa kare yana cikin waɗanda aka fara gwada irin wannan a jikinsu.

A 1965 likitocin fiɗa na dabbobi a Amurka suka kafa kwalejinsu ta ƙwararru, takwarorinsu na Turai suka bi sahu a 1991. A yau ana cire wa kare yanar ido a sa masa gilashin roba kamar yadda ake yi wa tsofaffinmu. Ana sauya masa kwatangwalo gaba ɗaya da na ƙarfe. Ana buɗe ƙashin baya a cire abin da ya danne laka. Idan jijiyar tsakiyar gwiwa ta tsinke, akwai aikin da wani likita mai suna Barclay Slocum ya bayyana a 1993, inda ake yanka kan ƙashin ƙwauri a juya shi a ɗaure da faranti. A 1987 kuwa aka fara yi wa kyanwa dashen ƙoda a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, kuma sharaɗin irin wannan aiki shi ne mai kyanwar ya tafi gida har da wadda aka ciri ƙodarta, ya ci gaba da riƙon ta.

Ba mu kawo waɗannan don wani ya yi sha'awa ba. Kuɗin ɗaya daga cikinsu ya fi ƙarfin garken dattijonmu sau da yawa. Mun kawo su ne don a bambance abin da yake buƙatar babban asibiti da abin da likitan raƙumi zai iya yi a kan teburinsa, idan an kai masa dabbar da wuri.

Larurori biyar da ba sa jiran gobe

Ta farko ita ce naƙuda mai gardama. Karya da kyanwa duk kimanin kwana 63 suke ɗaukar ciki. Idan uwa ta yi rabin sa'a tana nishi da ƙarfi babu abin da ya fito, ko sa'o'i suka shuɗe tsakanin ɗa da ɗa alhali cikin bai sauka ba, to lokacin likita ya yi. Tiyatar ciro 'ya'ya ba ta buƙatar faranti ko kusa. Da baiwar Allar nan da ta bugo mana waya ta san haka, mai yiwuwa da kyanwarta tana nan.

Ta biyu ita ce mugunya a mahaifa. Takan kama macen da ba a fiɗiye ba, 'yan makonni bayan lokacin barbara. Za a ga ta daina ci, tana yawan shan ruwa, cikinta ya kumbura, wani lokaci ruwa mai wari yana fita ta bayanta. Ƙididdigar da aka yi a ƙasar Siwidin ta nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na karnuka mata da ba a fiɗiye ba suna kamuwa da ita kafin su cika shekara 10. Maganinta shi ne cire mahaifar, in an yi jinkiri takan fashe a ciki. Ƙwayoyi da allurar hana ɗaukar ciki da wasu ke saya su bai wa mage ko karya suna ƙara haɗarin wannan cuta da na kansar nono.

Ta uku ta muzuru ce: toshewar fitsari. Za a gan shi yana tsugunawa yana kuka babu abin da ke fita, mutane su ce kashi ne ya ƙi. Tsakuwa ce ko majina ta toshe masa hanya, kuma cikin kwana biyu ko uku gubar fitsari ke kashe shi. Likita kan sa masa barci ya zura siririn bututu ya buɗe hanyar. In abin yana yawan dawowa ne ake buƙatar ƙwararre ya yanka masa sabuwar mafita.

Ta huɗu ita ce haɗiye abin da hanji ba ya iya wucewa da shi: ƙashi, leda, ƙwallon dabino ga ƙaramar dabba, ko zare. Zare ya fi haɗari ga kyanwa, don yakan maƙale a ƙarƙashin harshe hanji ya tattare a kansa yana yankewa. Teloli da mata masu ɗinki a gida su kula, kuma wanda ya ga zare yana leƙowa ta baki ko ta bayan kyanwa kada ya ja.

Ta biyar ta shafi karnuka masu zurfin ƙirji irin oska da ɗan uwansa sulugi na arewa: murɗewar tumbi. Kare ya cika ciki da abinci ko ruwa, sai tumbin ya kumbura da iska ya juya. Za a ga yana yunƙurin amai babu abin da ke fitowa, cikinsa ya yi tauri kamar ganga. Wannan sa'o'i kaɗan yake bayarwa. Rigakafinsa shi ne a raba masa abinci sau biyu a rana, kuma kada a fita da shi farauta da cikakken ciki.

Allurar barci da jinyar gida

Masu aikin sun ce abin da ya fi ba su tsoro ba yankan ba ne, sa barcin ne. Karnuka sirara irin namu ba su da kitse, don haka tsofaffin magungunan sa barci irin su tiyofental sukan daɗe a jininsu, su yi jinkirin farfaɗowa. Haka kuma jikinsu yana saurin yin sanyi. Garinmu yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,300, daren hunturu a nan yakan kusa daskarar da ruwa, saboda haka karen da aka yi wa aiki da yamma aka yar da shi a tsakar gida yana iya mutuwa da sanyi, a ɗora wa likita laifi.

Abin da ake buƙata daga mai dabba ba shi da yawa. A hana ta abinci tun daren ranar aiki kamar yadda likita ya tsara, don kada ta yi amai ya shiga huhu. Bayan aiki a ajiye ta a wuri mai ɗumi da tsabta, a hana ta lasar ɗinki ko da kuwa da bokitin roba da aka fasa gindinsa aka sa mata a wuya. Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Ƙashin ɗan kwikwiyo kan haɗe cikin mako huɗu zuwa shida, na babban kare kuwa mako takwas zuwa 12, kuma a tsawon wannan lokaci a ɗaure yake.

Gargaɗi mafi girma shi ne kada a ba su maganin mutane. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibufurofen da diklofenak suna huda tumbin kare su lalata masa ƙoda. Haka nan dandaƙa da awartaki ko ɗaure maraina da roba, kamar yadda ake yi wa bunsuru, azaba ce ga kare da muzuru, ba fiɗiya ba.

Tiyatar da ta fi kowace amfani

To, a nan gizo ke saƙar. Cikin duk ayyukan da muka lissafa, wanda ya fi sauƙi shi ne ya fi amfani ga gari: fiɗiye namiji da cire mahaifar mace. Na muzuru 'yan mintoci ne, na kyanwa bai cika wuce rabin sa'a ba, kuma kowane likitan dabbobi ya koye shi a makaranta. Yana kawar da mugunyar mahaifa da naƙuda mai gardama, yana rage kansar nono ƙwarai idan an yi shi tun dabbar tana ƙarama. Malamai sun saɓa a kan fiɗiye dabbar da ba a cin namanta, wasu sun ƙi, wasu sun halatta idan akwai maslaha kuma ba a azabtar da ita ba, don haka mai shakka ya tambayi malaminsa.

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar, ta haihu sau biyu ko uku a shekara. Karya takan zubo biyar zuwa takwas a haihuwa ɗaya. Mun san ƙarshen wannan haihuwar yuyuyu: a zuba su a kwali a kai bakin ƙorama ko juji. Waɗanda suka rayu su ne ayarin karnukan da ke zagaye mayanka da bola, kuma ta nan maganar ta dawo kan 'ya'yanmu.

Akwai wata 'yar tsutsa da ba ta wuce milimita shida ba, tana zaune a hanjin kare ba tare da ta dame shi ba. Ƙwayayenta suna fita a kashinsa su manne a gashinsa, su faɗa a kan ciyawa da salad da ruwa. Idan tunkiya ko raƙumi ko mutum ya haɗiye su, sai su zama jakar ruwa a hanta ko huhu, tana girma a hankali shekara da shekaru. Mahauci ya yanka raƙumi ya ga huhu da ƙulli mai ruwa, ya yanke ya jefa wa kare, zagaye ya sake komawa farko. Mutum ba ya ɗaukar cutar daga cin nama, daga kare yake ɗauka. Cuta ce da ta zauna a duk arewacin Afirka, shi ya sa kowace Babbar Sallah hukumomin Aljeriya ke yekuwar a binne kayan cikin da ke da ƙulli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan ɗaya ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma da yawansu sai an yi musu tiyata. Ga shi kuwa ƙwayar firazikwantel da ake bai wa kare aƙalla sau huɗu a shekara tana kashe tsutsar. Karen da ke da maigida ana iya ba shi, na juji wa zai ba shi?

Sai ciwon haukan kare, wanda ke kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara, kashi 40 cikin ɗari yara 'yan ƙasa da shekara 15. A Aljeriya fiye da mutum dubu 100 ne dabbobi ke ciza ko yakusa a shekara. Yawancin masu kamuwa a arewacin ƙasar suke, amma mu a bakin hanya muke, kuma cutar tana nan daram a Nijar da Mali da Nijeriya. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya garzaya asibiti a ranar, domin da zarar alamu sun bayyana babu magani.

Abin da aka saba yi idan karnuka sun yi yawa shi ne a fito da bindiga ko guba. Bayan 'yan watanni wasu su cike gurbin, tun da bola da mayanka suna nan. Birnin Jaipur na Indiya ya gwada wata hanyar: daga 1994 zuwa 2002 aka kama karnukan titi kusan 25,000, aka fiɗiye su aka yi musu rigakafi aka sake su. Yawansu ya ragu da kashi 28 cikin ɗari, mutuwar mutane da haukan kare ta tsaya a yankin da aka yi aikin. A ƙasar Chadi ma, rigakafin da aka yi wa fiye da kashi 70 cikin ɗari na karnukan Njamena a 2012 da 2013 ya karya lagon cutar na tsawon watanni, kafin karnukan da ke shigowa daga waje su dawo da ita.

Abin da ya rage mana

Ba ma kira da a gina wa karnuka asibitin dashen ƙoda a Tamanrasset. Kiranmu ga ƙaramar hukuma da ofishin lafiyar dabbobi shi ne a ware rana a wata ko a mako da za a riƙa fiɗiya da rigakafi da bayar da maganin tsutsa a farashin da mai lambu zai iya biya, a kuma gayyato malamai da ɗaliban makarantun arewa su riƙa saukowa da kayan aikinsu lokacin hunturu, su koyi raƙumi a wurin namu, namu su sabunta hannu a wurinsu. Mahauta da masu yanka a gida su binne huhu da hantar da ke da ƙulli a rami mai zurfi, ko su ƙone. Shugabannin al'ummar Hausawa da limaman unguwa su isar da saƙon da harshen da jama'a ke ji, domin da yawa daga cikin masu lambu da masu gadi ba sa karanta sanarwar Larabci ko Faransanci.

Mai dabba kuma ya nemi lambar likita tun kafin rana ta ɓaci, kada kunya ko ba'ar mutane ta hana shi tambaya. Ranar da muka yi sallama da dattijon, mun bar shi yana haƙa rami a gefen lambu don binne huhun akuyar da maƙwabcinsa ya yanka, karen mai ƙafa uku yana tsaye yana kallo, jikokinsa biyu kuma suna wanke hannu a bakin rijiya. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.